Itatuwan Marmari a Gidajen Tambuwal da Kebbe: Tsakanin Hunturu da Bazara

Itatuwan da ake cin 'ya'yansu a ƙasar Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato, iri biyu ne ta fuskar tarihi. Akwai na asali, irin su ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya da giginya, waɗanda suka riga garuruwan zama a wurin. Ba kasafai ake shuka su ba; manomi yakan tarar da su a gona ne ya ƙyale su. Akwai kuma baƙi, irin su mangwaro da gwaba da gwanda da yazawa da lemu, waɗanda aka kawo daga wasu nahiyoyi, kuma ba sa kamawa a nan sai an dasa, an ba su ruwa, an yi musu shinge. Tarihin itacen marmari a cikin gida na wannan rukuni na biyu ne: yadda a cikin shekaru kamar ɗari biyu ya fito daga lambunan sarakuna da malamai ya shiga tsakar gidan talaka.

Ƙasa da yanayi

Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Jega zuwa Yawuri da Kwantagora. Kebbe tana kudu da shi, tana iyaka da Jihar Zamfara ta gabas da Jihar Kebbi ta kudu da yamma, kuma Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasarta a kan hanyarsa daga Gummi zuwa Jega. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum kusan 225,000 a ƙaramar hukumar Tambuwal, da kusan 125,000 a ta Kebbe. Da yake nan ne ƙarshen jihar ta kudu, ruwan sama ya fi na Sakkwato da Gwadabawa da Illela yawa. Duk da haka damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, daga wajen Yuni zuwa ƙarshen Satumba. A sauran watannin bakwai ko takwas, duk itacen da saiwarsa ba ta kai ga damshin ƙarƙashin ƙasa ba, guga yake jira.

Ranin kansa kashi biyu ne masu saɓanin hali. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, ko ɗari, lokacin da busasshiyar iska take kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara. Da asuba ma'aunin zafi yakan sauka zuwa wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka. Daga Maris zuwa Mayu kuma bazara ce, inda zafin rana yakan haura digiri 40. Duk itacen da za a rena a gida sai ya ratsa waɗannan biyun kafin ya sake ganin ruwan sama.

Sanyi a wasu ƙasashe da sanyi a nan

A ƙasashen da sanyi yake kaiwa ruwa ya daskare, shi ne babban abokin gaban itatuwan ƙasashen zafi. Idan ma'auni ya sauka ƙasa da sifiri, ruwan da ke cikin ganye da ɓawo yakan zama ƙanƙara ya farfasa naman itacen daga ciki. Dare ɗaya ya isa ya kashe gwanda ko ƙaramin mangwaro. Wannan ne ya sa sarakunan Turai suka riƙa gina wa lemu ɗakuna. A fadar Versailles ta Faransa an gina irin wannan ɗaki tsakanin 1684 da 1686. Itatuwan suna cikin manyan akwatuna, a shigar da su idan sanyi ya kama, a fitar da su idan ya wuce. A jihar Florida ta Amurka kuwa, sanyin ƙarshen 1894 da farkon 1895 ya hallaka mafi yawan gonakin lemu na arewacin jihar, har noman ya ƙaura zuwa kudu.

Tarihi ya adana labarin irin wannan sanyi a arewacin Nijeriya. A ƙarshen Disamban 1823, matafiyin nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, yana kan hanya daga Kukawa zuwa Katagum, ya rubuta cewa sun wayi gari ruwan da ke cikin mazubansu ya yi ƙanƙara a sama, salkunansu kuma sun sandare. Abokin tafiyarsa, Likita Oudney, wanda dama ba shi da lafiya, ya rasu a Janairun 1824, Clapperton kuma ya ƙarasa Sakkwato a watan Maris. A tuddan Abzin, arewa da Agadas, dare yakan yi irin wannan sanyi a wasu shekaru, amma mutanen Timia suna noman lemu da rumman da dabino a cikin kwari. Tambuwal da Kebbe ba su da irin wannan tudu, kuma ko jaurar da take sa tsofaffi kwana a bakin wuta tana nesa da sifiri.

Sanyin hunturu a nan taimakon mangwaro yake yi. Itacen yana bukatar 'yan makonni na rashin ruwa da sanyin dare kafin ya daina tofo ya fitar da fure, shi ya sa ake ganin furensa daga Disamba zuwa Fabrairu, 'ya'yan kuma su nuna da bazara. Illar hunturu tana ga bushewarsa. Iskar tana zuƙe ruwan ganyen ƙaramin dashe fiye da yadda saiwa za ta iya mayarwa, ƙura tana lulluɓe ganye, idan kuma iskar ta yi ƙarfi takan kakkaɓe fure. Dashen da ya fito daga hunturu a galabaice, bazara ce take ƙarasa shi. Mai lambu a Turai ɗaki yake nema wa itacensa. A Tambuwal da Kebbe ruwa ake nema masa, da inuwa, da abin da zai tare akuya.

Itatuwan asali

Kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wannan ƙasa tana tsakanin daulolin Kabi da Zamfara, kuma 'ya'yan itacen da mutanenta suka sani na daji ne da na gona. Idan manomi ya sari sabon daji yakan bar itatuwa masu amfani a tsaye, haka gonakin suka zama fili mai itace jefi-jefi kamar yadda ake gani har yau. Ɗorawa tana ba da gari mai zaƙi, da kalwar da ake yin daddawa, da makubar da ake ƙarfafa daɓe. Kuka tana ba da ganyen miya da garin da ake dama nono da shi. Tsamiya ta kunu ce, kaɗanya ta man kaɗe. Kanya da ɗinya da taura da magarya da aduwa da gwandar daji su ne marmarin yara da makiyaya. A bakin fadama akwai giginya, wadda ake shan 'ya'yanta, a binne ƙwallonta a sami muruci, a tsaga gangar jikinta a yi azarar da gara ba ta ci. Goriba kuma tana ba da 'ya'ya da kabar tabarma.

Waɗannan itatuwa sun saba da rani: suna da doguwar saiwa, wasu suna zubar da ganye su yi jiran ruwa. Amma suna da jinkirin girma, har wanda ya shuka tsamiya ko kaɗanya ba lalle ya ci moriyarta sosai ba. Wasunsu kuma, musamman kuka da tsamiya, an daɗe ana danganta su da iskoki, don haka ba a son su a tsakiyar gida. Itatuwan da aka saba kafawa a gida da ƙofar gida na inuwa ne, irin su durumi da ceɗiya, waɗanda reshensu yake kamawa idan aka kafa shi da damina, sai zogale da lalle a jikin darni.

Zamanin daular Usmaniyya

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804. A 1805 jama'ar Shehu suka yi sansani a Gwandu, wadda ke maƙwabtaka da Tambuwal, a 1809 kuma aka kafa Sakkwato. Tambuwal ta zama ɗaya daga cikin ribaɗoɗin da suke tsare wannan yanki daga hare-haren Kabawa, a hannun Muhammadu Buhari ɗan Shehu, kuma zuriyarsa ta ci gaba da riƙe sarautar garin. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ƙarfafa zaman gari da noma da sana'a a irin waɗannan wurare. Wannan yana da nasaba da itace kai tsaye, domin ba mai dasa abin da zai shekara biyar kafin ya yi 'ya'ya sai wanda ya tabbata zai zauna, yana da rijiya, kuma akwai ganuwa tsakaninsa da mahara.

Itatuwan lambu na wancan zamani yawancinsu ta hanyar arewa da gabas suka zo, tare da fatake da alhazai da malamai. Sunayen lemu da rumman daga Larabci aka aro su. Dabino yana da daraja ta addini, ga buɗa-baki ga ɗaurin aure. Gwanda asalinta daga tsakiyar nahiyar Amurka ne, amma Hausawa sun kira ta gwandar Masar don bambanta ta da gwandar daji, kamar yadda sunan masara yake nuna inda aka ɗauka ta fito. Hadisin da ya zo a Buhari da Muslim, wanda ya nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga dashen Musulmi sadaka ce a gare shi, ya ba dashe matsayin aikin lada a wurin malamai da almajiransu.

A watan Mayun 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a Gwandu zamanin Sarki Halilu. Ya bayyana kwarin da ya ratsa garin da ciyayinsa, ya kuma ambaci ayaba da albasar da ake nomawa a wurin. Wannan yana nuna inda itacen marmari yake zaune a lokacin: a bakin kwari da fadama, cikin lambu, ko garka kamar yadda Sakkwatawa suka fi cewa. Ana kewaye garka da aguwa ko ƙaya, ana shayar da ita da jigo. Jigo doguwar sanda ce da aka ɗora a kan gwafanni biyu, a gindinta an manna curin laka, a kanta kuma an rataya guga. Mai lambu ya ja igiya gugan ya nutse, nauyin lakar ya ɗago shi, ya juye a magudana, ruwa ya bi fangali-fangali. Lemu ko gwandar da ke gefen fangalin albasa a nan take samun rabonta.

Shigowar mangwaro

Mangwaro ɗan asalin Indiya ne da maƙwabtanta, inda aka daɗe ana nomansa tun dubban shekaru. Ya iso gaɓar Afirka ta Yamma ta teku, kamar gwaba da yazawa da abarba, waɗanda Turawan Fotugal suka ɗauko daga nahiyar Amurka. Sunansa na Hausa ya biyo ta bakin Yarabawa, abin da ke nuna cewa daga kudu ya hauro. Bai zama ruwan dare a ƙasar Sakkwato ba sai a ƙarni na 20.

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a ranar 15 ga Maris 1903, dashen itace ya shiga cikin ayyukan hukuma. An riƙa dasa itatuwa a bariki da ofisoshin En'e da makarantu da kasuwanni da gefen hanya, sashen gona da na daji kuma suna renon dashe suna rabawa ta hannun hakimai da dagatai. Hanya ta biyu ba ta hukuma ba ce. Jega tsohuwar kasuwa ce a kan hanyar fataken goro zuwa Gwanja, kuma lardin Sakkwato ya yi suna wajen cin rani: da an gama girbi samari sukan tafi kudu neman kuɗi su dawo gab da shuka. Lokacin dawowarsu ya yi daidai da kakar mangwaro, ƙwallonsa kuma ba ya da nauyi. Wanda aka jefar a juji ko bayan ɗaki yakan tsiro da kansa idan ruwa ya sauka, sai a cire shi a mayar inda ake so.

Wani baƙon daga Indiya ya biyo baya. An shigo da dogonyaro, wato dalbejiya, Nijeriya a 1928 ta lardin Barno, daga nan aka yaɗa shi zuwa Kano da Katsina da Sakkwato a shekarun 1930. Ba a cin 'ya'yansa, amma yana jure fari, dabbobi ba su cika damunsa ba, kuma yana yin inuwa cikin 'yan shekaru. Shi ya mamaye tituna da ƙofofin gidaje, ya maye gurbin durumi da ceɗiya a wurare da yawa. Mangwaro ya fi samun wurin zama a inda ruwa yake kusa: gefen fadamar Gulbin Zamfara, da bakin tafkuna irin na Romo, da gidajen da suke da rijiya.

Renon dashe a cikin gida

A gidan Bahaushe itacen marmari yana bin ruwa ne. Gwanda da ayaba ana sa su inda ruwan wanka da wanke-wanke yake gangarawa. Lemun tsami da gwaba sukan zauna kusa da rijiya ko gindin randa, ko inda maigida yake alwala. Mangwaro, saboda girmansa da saiwarsa mai ɗaga katanga, an fi sa shi a ƙofar gida ko a garkar bayan gida. Gidan da ake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa da wuya ya riƙe fiye da itace ɗaya ko biyu.

Ana dashe ne idan damina ta kankama, wajen Yuli, domin saiwa ta kama kafin ruwa ya ɗauke. Ana haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya ko fiye, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, a barbaɗa toka saboda gara. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran garar da ake gudu. Bayan an dasa sai a yi wa gindin kwari kamar ƙwarya don ya riƙe ruwa. Sai kariya: a kewaye dashen da ƙayar magarya ko bagaruwa, ko a kifa masa tsohon kwando marar gindi, ko a gina masa zagayen tubali mai ƙofofin iska. Wannan ba abin sakaci ba ne, domin da an gama girbi ake sakin awaki da tumaki, kuma a tsakiyar rani ɗanyen ganyen dashe shi kaɗai ne kore a unguwa.

Idan hunturu ya shigo, mai kula yakan kafa guntun zana ta gefen da iska take fitowa, ya rufe gindin da ƙaiƙayi ko busasshen ganye. Ana ba da ruwa da sassafe ko da yamma. Akwai tsohuwar dabara ta binne tulu ko tukunyar ƙasa a gefen dashe, a bar bakinta a waje, a cika ta da ruwa a rufe. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin yumɓu kaɗan-kaɗan zuwa saiwa, rana ba ta shanye shi ba. Yanzu wasu suna yin haka da gorar roba da aka huda. Da bazara akan mayar da zanar sama ta zama rumfa. Yawancin wannan hidima ta yau da gobe mata da yara ne suke yin ta, ko da an ce itacen na maigida ne.

Kowane iri da halinsa. Gwanda takan yi 'ya'ya cikin shekara guda, amma akwai mace akwai namiji, ba a gane su sai sun yi fure, don haka akan bar uku ko huɗu a tsuguna ɗaya sannan a rage. Ba ta son ruwa ya kwanta a gindinta, kuma bayan 'yan shekaru takan tsufa a sake wata. Gwaba takan fara a shekara ta biyu ko ta uku. Lemun tsami ya fi lemun zaƙi jure zafin wannan ƙasa, shi ya sa mafi yawan lemun zaƙin da ake sha a kasuwannin yankin daga kudu motoci suke kawo shi, musamman Binuwai. Yazawa tana yin kyau a jigawa mai rairayi. Dabinon da aka shuka daga ƙwallo kusan rabinsa maza ne, saboda haka masu sani sun fi son cire ɗan da ya tsiro a gindin macen da aka san daɗinta. Mangwaron ƙwallo yakan shekara biyar zuwa bakwai kafin a sha shi. Idan ya tsallake rani biyu ko uku na farko, saiwarsa ta kai ga damshi, ya daina bukatar guga.

Auren itace

Mangwaron da ya fara yaɗuwa na ƙwallo ne, ƙanana masu zare da yawa. Manyan iri marasa zare sun zo daga baya ta hannun malaman gona da cibiyoyin bincike, irin su cibiyar aikin gona ta Samaru a Zariya, da cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da aka kafa a Ibadan a 1975, mai reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Daga cikin waɗannan iri akwai Julie daga tsibiran Karebiyan, da Alphonso daga Indiya, da Haden da Kent da Keitt, waɗanda aka fitar a kudancin Florida, ɗan yankin Amurka da sanyi bai cika kaiwa ba. A kasuwa kuwa sunayen Hausa ake ji, irin su Binta Siga da fafaranda da bakin aku.

Irin waɗannan ba sa gado ta ƙwallo: wanda ya shuka ƙwallon babban mangwaro zai iya samun itace mai 'ya'ya dabam. Maganin haka shi ne aure. Ana renon ƙwallon mangwaron gida a cikin leda har gangarsa ta kai kaurin fensir. Sai a datse kansa, a tsaga shi kaɗan da wuƙa mai kaifi, a yanko tsinken reshe daga itacen da ake so, a fiƙe gindinsa ta gefe biyu, a cusa cikin tsagin yadda ɓawo zai haɗu da ɓawo, a ɗaure da zaren leda tam. Ana ajiye shi a inuwa. Idan tsinken ya tofo bayan makonni biyu ko uku, aure ya kama. Duk tofon da ya fito ƙasa da ɗaurin ana cire shi, in ba haka ba na gida ya rinjayi baƙon. Ɗan aure yana da saiwar da ta saba da ƙasar, yana yin 'ya'ya a shekara ta uku ko ta huɗu, kuma ba ya tsawo sosai, abin da ya sa ya dace da tsakar gida. Ana yin irin wannan aure ga lemu, ta hanyar ɗauko ido guda daga reshe a saka shi ƙarƙashin ɓawon wani.

Fari da injin ban ruwa

Farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1985, sun kashe itatuwa da dabbobi a duk faɗin ƙasar Sakkwato da Nijar. Rijiyoyi sun yi ƙasa, kuma baƙin itatuwa masu gajeriyar saiwa su suka fara tafiya. Bayan waɗannan shekaru gwamnatoci suka ɗauki dashen itace da muhimmanci, ana gangamin dashe kowace damina ana raba iri kyauta, ko da yake da yawa daga abin da aka dasa ba ya ganin damina ta biyu saboda ba a tanadi mai ba shi ruwa ba.

Abin da ya fi canza lamarin shi ne ban ruwa. Daga shekarun 1980 hukumomin raya aikin gona suka fara yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse na fadama da injin mai amfani da fetur, sannan shirin Fadama na ƙasa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga farkon shekarun 1990, ya faɗaɗa su. Injin ɗaya yana shayar da abin da jigo da yawa ba za su iya ba. Manomin da yake ba albasa da tattasai da shinkafar rani ruwa ya sami damar jera mangwaro da gwaba a kan iyakar gonarsa. A 'yan shekarun nan famfo mai aiki da hasken rana ya fara shiga, saboda tsadar mai. A 2015 kuma aka kafa hukumar ƙasa ta shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Sakkwato take cikin jihohi 11 da ya shafa.

Mallaka da ciniki

A al'adar ƙasar Hausa dashe alama ce ta mallaka. Wanda aka ba aron gona, ko yake riƙe da ita jingina ko haya, ba ya dasa itace sai da yardar mai ita, domin itacen zai iya zama hujja a gaban alƙali bayan shekaru. Itace yana shiga rabon gado, wani lokaci gona ta faɗa hannun wani magaji, 'ya'yan itacen da ke cikinta kuma su zama na tarayya. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta tanadi diyya a kan amfanin da ke bisa fili idan hukuma ta karɓe shi, don haka ana ƙirga itatuwa idan za a fitar da hanya. Fiƙihun Malikiyya ya wajabta zakka a kan dabino idan ya kai nisabi, bai wajabta ta a kan 'ya'yan mangwaro ko lemu ba. Ya kuma hana sayar da 'ya'yan itace kafin alamar nuna ta bayyana, hukuncin da yake shafar cinikin da dillalai suke yi na sayen amfanin itace tun yana sama.

Itacen da ke cikin gida ba kasafai ake kai shi kasuwa gaba ɗaya ba. Ana sha, ana aika wa maƙwabta da dangi, yara su ɗora ragowar a faranti su kai talla. Reshen da ya leƙa waje kuwa yaran unguwa ba sa jiran izini, har wani mai itace yakan ga kamar nasa ya zama inuwar giginya, na nesa ka sha ta. Na lambu shi ne na ciniki: ana tsinke shi bai gama nuna ba, a zuba a kwanduna, a ɗora a mota zuwa Sakkwato da Jega da Birnin Kebbi. Da yake kusan duka yana nuna a lokaci ɗaya, tsakanin Maris da Mayu, farashi yakan faɗi a tsakiyar kaka, wanda ba a sayar ba kuma ya ruɓe cikin 'yan kwanaki.

Ga tsofaffin maɓarnata, wato gara da jemage da kauci, an sami ƙarin wani ƙudan 'ya'yan itace ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a Kenya a 2003, ya kuma iso Afirka ta Yamma cikin shekara biyu. Yana huda fatar mangwaro da gwaba ya yi ƙwai, tsutsa ta cinye cikin. Yana ƙaruwa ne da saukar ruwan farko, saboda haka irin da yake nuna a makare ya fi shan wahalarsa, wanda ya nuna a tsakiyar bazara kuma yakan tsira. Malaman gona suna ba da shawarar a riƙa tsince waɗanda suka faɗo a binne su da zurfi, a kuma rataya tarko a jikin itace tun 'ya'ya suna ɗanye.